Ranar da Kawu Ya Zauna

Litinin

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya kamar yadda muke nan. Gwiwata tana nan yadda kika bar ta, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Likita ya sauya mini ƙwaya, wannan ƙarama ce amma tana sa ni barcin rana kamar mage. Yayanki ya zo ya gyara famfon bayan gida, kwana biyu ya koma ɗiga. Ya ce in gaishe ki, in har kina tuna kina da yaya.

Na koma takarda ne domin wayarki ba ta da amfani a wurina. Ko kin ɗauka, "to Umma, to Umma" kike yi, ina jin yatsunki suna ƙwanƙwasa kwamfuta. Maganar waya iska ce. Takarda kuwa ko kin ƙi, za ta zauna a kan teburinki tana kallonki. Direban motar da ke zuwa garinku zai riƙa ajiye wa maigadin gidanku.

Jiya kawunki na sito ya kira ni. Ya ce, "Yaya, ko dai idona ya fara mutuwa, ko kuwa Auta na gani a masana'antarmu." Ya ce mutum huɗu ne suka shigo da jakunkuna, kowa da kati rataye a wuya, manaja yana gaba yana buɗe musu ƙofa. Ya ɗaga miki hannu, kika gyaɗa masa kai yadda ake yi wa mai gyaran takalmi a bakin titi, kika wuce. Yana ba ni labarin yana dariya, amma ni na san dariyarsa, tare muka tashi.

Ki saurare ni da kyau. Mutumin nan ɗan ƙanen mahaifina ne, amma da mahaifinki ya rasu, ba ’yan’uwana na ciki ɗaya ba ne suka tsaya mini, shi ne. Lokacin muna zaune a can garin, shekara shida yana ɗaukar ki a bayan babur zuwa makaranta kafin ya wuce aiki, har rigarki ta makaranta ta riƙa ƙamshin sabulun masana'antarsu. Yau kin yi digiri, kin rataya kati, gaisuwa ta yi miki nauyi? Ilimin da ba ya rusuna wa babba jahilci ne da ya sa takalmi.

Kuma wai mene ne aikin nan naki? Shekara biyu ina tambaya. Kin ce kamfaninku shawara yake ba wa wasu kamfanoni kan yadda za su tafiyar da aikinsu. Mutanen da suka shekara talatin suna yin sabulu, ke da ba ki taɓa yin ko guda ɗaya ba, ke za ki koya musu? Maƙwabta suna tambayata, sai in ce tana ofis.

Ki amsa mini a rubuce. Ki riƙa cin abinci a zaune, ki tsare sallarki, ki kuma tuna zumunta a ƙafa take.

Mahaifiyarki


Alhamis

Umma,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin ganin rubutunki, ko da faɗa ne a ciki. Allah Ya ƙara sauƙin gwiwa. Ki ce wa Yaya famfon nan roba yake so, ba addu'a ba.

Na ga Kawu, Umma. Tun daga bakin ƙofa na gan shi. Amma a aikin nan an hana mu nuna mun san kowa a wurin da aka tura mu. Ko sunan masana'antar bai kamata in faɗa miki ba, sai ga shi ido ya riga doka.

Ga aikin, tunda kin tambaya. Masu masana'antar suna ganin aiki yana tafiyar hawainiya, sai suka ɗauko mu mu duba musu. An ba mu wani ɗaki marar taga a bene na biyu, na'urar sanyaya ɗakin tana ɗiga cikin bokiti, mu huɗu a teburi ɗaya. Kowane ma'aikaci ana ba shi rana guda. Zan zauna kusa da shi da takarda mai gida-gida, duk minti goma sha biyar in dubi hannunsa in rubuta ɗaya cikin uku: aiki, jira, ko zama. Daga baya a zuba a kwamfuta, ta fito da launi. Kore ya tsira, ja kuwa sai abin da Allah Ya yi. Ma'aikatan sun sa mana suna, masu almakashi. In mun shiga wurin cin abinci sai hira ta mutu.

Ban ɓoye zancen Kawu ba. Akwai fom da muke cikewa in muna da ɗan'uwa a wuri. Gida biyar ne a ciki: uba, uwa, miji ko mata, ɗa, sai wanda kuke ciki ɗaya. Na je wurin Oga, shugaban tawagarmu, na ce ina da kawu a sito.

Ya ce, "Wan mahaifiyarki ne ko ƙanenta?"

Na ce, "Ɗan ƙanen kakana ne."

Ya fara lissafi da yatsu, ya ɓace a na uku. Ya ce, "Akwai gidansa a fom?"

Na ce babu.

Ya ce, "To ba ɗan'uwanki ba ne. Ci gaba da aiki."

Saboda haka sito ya faɗo cikin rabona, ranar Laraba ta sama zan wuni tare da shi. Kada ki damu. Kowa a nan da girma yake ambatonsa. Abin da na gani zan rubuta, kuma na san abin da zan gani.

Gajiya ce dai ta yi mini yawa. Kwana tara ina bin mutane a ɗakin injuna, zafi kamar tanda, ƙara kamar kai zai tsage. Ƙafafuna sun kumbura har takalmin ba ya shiga sai da dabara. Kowa kuma so yake ya nuna mini shi ne ginshiƙin kamfani, ya ja ni nan, ya ja ni can, ya cika ni da ƙorafi. Ban ga laifinsu ba, tsoro ne. Amma wallahi ina marmarin rana ɗaya da zan zauna a kujera, wani ya yi mini shiru.

Muna kwana a wani otal kusa da masana'antar har ƙarshen wata. Ran Asabar nakan leƙa gida in sauya kaya, in kin aiko zan tarar. Don Allah kada ki ce wa Kawu komai.

Autarki


Lahadi

Auta,

Bayan sallama da fatan alheri. Muna lafiya. An saka wa famfon roba, ya daina ɗiga, kada ki faɗa wa yayanki na ce kin fi shi sanin famfo.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Na janye rabin faɗan, rabin yana nan. Takardar da ba ta da gidan kawu, wanda ya zana ta maraya ne ko kuwa bai da kunya. Shi kuma ogan naki da ya ɓace a yatsa na uku, in ya mutu wa zai ɗauki gawarsa, fom?

Zancen ƙafarki shi ya tsaya mini a rai. Mahaifinki daga kumburin ƙafa ciwonsa ya fara, kin sani. Kin ce kada in ce wa kawunki komai. Ni na haife ki, ba ke kika haife ni ba, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na kira shi jiya, na gyara miki ranar Larabar.

Na ce masa, "Yarinyar nan za ta wuni a wurinka. Ƙafarta ta kumbura. Ka ba ta kujera, ka zauna tare da ita, kada ka ja ta cikin zafin nan."

Ya ce, "Yaya, ai da safe nakan zaga ɗakin injuna, da azahar ma haka."

Na ce, "Zagayen me?"

Sai ya shiga ba ni labari. Wai yakan bi injunan ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Wai daga kukan inji yake gane wane bel ne zai tsinke, wane ƙarfe ne ya fara cin ɗan'uwansa. Sai ya koma sito ya fito da abin gyaran ya ajiye, ya je ya raɗa wa injiniya, a sauya lokacin hutun rana kafin ya tsayar da aiki. In babu a sito, ya sa a sayo tun da wuri.

Na ce, "Zagayen nan a rubuce yake cikin aikinka?"

Ya ce, "A'a, ni dai na saba."

Na ce, "To rana ɗaya inji ba zai mutu ba. Ba a barin baƙo a zaune shi kaɗai, ba a kuma jan mace mai ciwon ƙafa cikin hayaniya."

Na kuma ja masa kunne a kan surutu, kin san shi in ya fara zancen injunansa. Na ce kada ya shiga sahun masu cika baki da suka sa miki ciwon kai. Mutumin kirki ba ya yabon kansa, aikinsa ne ke yabonsa. In kin tambaye shi, ya gode wa Allah ya yi shiru. Kada kuma ya nuna ya san ki, ya jawo miki magana wurin oganki.

Ya ce, "To Yaya, yadda kika ce." Tun muna yara bai taɓa yi mini musu ba, Allah Ya yi masa albarka.

Ga shi kin sami ranar hutun da kike marmari. Ki jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri. Ki kuma koya daga wurinsa yadda ake girma ba tare da hayaniya ba.

Mahaifiyarki


Juma'a

Umma,

Ina gaisuwa. Ina fata gwiwa da sauƙi. Shirunki ya dame ni, ko da yake laifina ne: Asabar uku ke nan ban leƙa gida ba, Oga ya ce rahoto ba ya san Asabar. In kin aiko wani abu, yana can wurin maigadi.

Ban san yadda zan fara ba. Na yi wunin sito, kuma tun ranar ba ni da sukuni.

Na isa ƙarfe takwas na tarar ya share wurin tas. Sito dogo ne, kantoci har rufi, kowane kwali da rubutun hannunsa. Kujera ɗaya ce a wurin, tasa, ya ba ni. Ƙafarta ɗaya gajera ce, ya naɗe kwali ya sa a ƙarƙashi. Har da ’yar fanka ya ɗauko daga gida ya juyo mini ita. Shi kuma ya kifa wani bokiti ya zauna.

Umma, ya zauna. Awa takwas. Gida talatin da biyu ne a takardata. Mutum biyar suka zo karɓar kaya, ya tashi ya miƙa musu ya dawo. Sauran gida ashirin da bakwai, hannunsa yana kan gwiwarsa.

Na lura da wani abu. Bangon sito shi ne bangon ɗakin injuna. Lokaci-lokaci sai ya karkata kai wajen bangon, kamar uwar da ta ji kukan ɗanta a ɗakin maƙwabta. Sau biyu har ya fara miƙewa, ya dube ni, ya koma ya zauna.

Na ce, "Malam, akwai wani abin da kake yi kullum wanda ban gani ba yau?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, aikin ke nan. Mu dai muna nan muna cin albarkacin kamfani."

Bayan azahar na sake tambaya. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ba wani abin wahala ba ne, ko yaro zai iya."

Da la'asar, da na ga babu kowa, na sassauta murya na ce, "Kawu, don Allah ka faɗa mini."

Ya dubi ƙofa, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, shayinki ya huce. In ɗumama?"

Na riƙe biro a kan takardar nan na daɗe. Ba wanda zai sani in na mai da zama goma ya koma aiki. Sai na tuna ranar da na gyara maki a katin sakamakona ina aji uku, kika kai ni gaban malamin da kanki, kika sa na faɗa da bakina, kika ce hannun da ya rubuta abin da ido bai gani ba gara a rasa shi. Na rubuta abin da na gani.

Kwamfuta ta fito da shi ja wur. Oga ya sa a rahoto cewa a haɗe sito da ofishin sayen kaya, kwamfuta ta riƙe lissafin kayan, ba a buƙatar mutum na musamman. Na ce masa mutumin nan kowa yana girmama shi, dole akwai dalili.

Ya ce, "Me takardarki ta ce?"

Na faɗa.

Ya ce, "Shi da bakinsa me ya ce?"

Na faɗa.

Ya ce, "To girmamawa a wane gida za mu zuba ta?"

Jiya aka haska rahoton a bango gaban masu masana'antar. Shafi tamanin. Na Kawu layi ɗaya ne a shafi na sittin da biyu, bai kai minti guda a bangon ba. Aka yi tafi, aka ce mun yi ƙoƙari.

Ko ya tsufa ne ban sani ba, Umma? Ko dama haka aikin yake, mu ne muke ganinsa da girma? Ban san ranar da zan samu zuwa tasha in ba direba wannan ba.

Autarki


Talata

Auta,

Sallama. Lafiyarmu ƙalau, in har ana kiran wannan lafiya.

Mako uku ban ga ko layi ɗaya daga wurinki ba. Yau na gane dalili. Mai laifi ba ya son haske.

Matar kawunki ta kira ni da hantsi tana kuka. An ba shi takarda. Ƙarshen wata zai miƙa makullin sito. Shekara ashirin da tara, saura masa shekara ɗaya da ’yan watanni ya ajiye aiki da mutuncinsa, a tara mutane a yi masa godiya. Yanzu zai fita ta ƙaramar ƙofa da fankarsa a hannu. Manaja ya ce masa ba laifinsa ba ne, binciken masana ne ya nuna wuni yake a zaune.

A zaune! Ke kin san dalilin zaman nan. Na rubuta miki dalla-dalla, direba ya rantse mini ya ba maigadinku hannu da hannu. Kin san saboda ƙafarki ya bar zagayensa. Kin san ni na ce ya kama bakinsa. Kika zauna a kujerarsa, kika sha iskar fankarsa, kika sha shayinsa, sannan kika ɗauki biro kika soke shi. Ko kare ba ya cizon hannun da ke ba shi.

Na sha gaya miki aikin da ba za ki iya bayyana wa uwarki shi cikin jimla ɗaya ba, akwai abin ɓoyewa a cikinsa. Yanzu na sami jimlar. In maƙwabta sun tambaya zan ce, ’yata tana zama kusa da mutum ta wuni, washegari a kore shi.

Shi bai ko kira ni ba. Wannan ya fi mini ciwo.

Ki je wurin ogan nan naki ki warware abin da kika ƙulla. In ba ki yi ba, kada ki wahalar da direba da wata takarda.

Mahaifiyarki


Asabar

Umma,

Ina gaishe ki. Ban da lafiya sosai, amma ba ta jiki ba ce.

Ranar Laraba muka tattara kayanmu daga masana'antar na dawo gida. Maigadi ya miƙo mini wasiƙu biyu daga cikin akwatin teburinsa, ɗaya har ta yi ƙura. A tsaye a bakin ƙofa na karanta su, jakata tana kafaɗa. Ta farkon ita ce wadda kika ce kin gyara mini ranar Laraba. Ban gan ta ba, Umma, sai bayan mako uku da yin wunin. Tawa da na rubuta miki tana cikin jakata tun ranar da na gama ta, ga ta nan na haɗa miki. Ki fara karanta ta.

Washegari na shiga ofishin Oga da wasiƙarki a hannu. Na ce takardar sito ba daidai ba ce, ranar ba irin ranakunsa ba ce, ga dalili. Na karanta masa wurin zagayen injuna. Ya saurara, ba zan yi masa ƙarya ba, har ya cire tabarau ya murje ido.

Ya ce, "Da kin kawo wannan kafin Alhamis ɗin da aka haska rahoton, da na ba ki wata rana."

Na ce, "A ba ni yanzu."

Ya ce, "Wa zai buɗe miki ƙofa? Kwangila ta ƙare. Mu shawara muka bayar, su suka yanke."

Na ce to a rubuta musu an yi kuskure.

Ya ce, "In muka ce takarda ɗaya ta karkace, za su tambayi sauran ɗari da arba'in. Sannan su tambayi yadda aka yi ’ya ta auna kawunta."

Na ce, "Kai ka ce ba ɗan'uwana ba ne."

Ya mai da tabaraunsa ya ce, "Fom ne ya ce."

Duk da haka na rubuta shafi guda na aika wa wanda ke samansa, na sa hannu da sunana. Na bayyana komai, har da cewa kawuna ne. Jiya amsa ta zo, layi biyu: an gode da gaskiyata, za a duba yadda za a inganta tsarin nan gaba. Daga Litinin mai zuwa kuma an tura ni wani wurin, wani kamfanin jigilar kaya, da sabuwar takarda mai gida talatin da biyu. Na kira manajan masana'antar da wayata sau huɗu, sakatariyarsa ta ce yana taro.

Ban rubuto don in ɗora miki ba. Ni na yi miki kukan ƙafa kamar ƙaramar yarinya. Kuma ni ce na ga kansa yana karkata wajen bango, na ga bel uku da ya ware a gefen ƙofa ba wanda ya nema. Idona ya gani. Takardar ba ta da gidan da zan zuba shi, sai na bar shi ya zube. Kin koya mini kada in rubuta abin da ban gani ba. Ashe akwai ɗaya gefen, wanda ba wanda ya koya mini: kada in bar abin da na gani don kawai ba a tambaye ni ba.

Na ɗauki waya in kira shi ya fi sau goma. Me zan ce? Malam zan ce, ko Kawu?

Na gaji, Umma.

Autarki


Laraba

Auta,

Assalamu alaikum. Gwiwar ta kumbura saboda mota, amma ba ita na zauna rubutawa ba.

Na karanta wasiƙunki biyu yadda kika ce, ta farko sannan ta biyu. Sai na ɗauko tawa da na kwafa a littafi, kin san ba na aika takarda ban bar kwafi ba, na karanta ita ma. Ban taɓa jin kunyar rubutun hannuna ba sai ranar. Kalmomin da na jefe ki da su a wasiƙar ƙarshe, na janye su duka. Wannan karon ba rabi ba.

Ran Litinin na shiga motar direban nan na tafi wurin kawunki. Yayanki ya ce in jira ya kai ni ƙarshen mako, na ce wanda ya yi ɓarna ba ya jiran rakiya.

Na tarar da shi a barandar gidansa, ya baje kayan wata tsohuwar rediyo a kan tabarma. Ya miƙa makullin tun Juma'a. Matarsa ta ce har yanzu ƙarfe shida yake yin wanka ya sa rigar aiki, sai ya tuna, ya cire. Kin san gidan, katanga ɗaya ce da ’yar hanya tsakaninsa da masana'antar. Daga barandar ana jin injunan.

Ya yi murna, ya yi ta faɗan me ya sa na taso da wannan ƙafa. Na ce ya zauna, magana na zo da ita. Na faɗa masa komai: takardar, gidajen, launin ja, wasiƙar da ta kwana mako uku a akwatin maigadi. Na ce, "Yarinyar nan sau uku ta tambaye ka, ni na ɗinke maka baki. Garin gyaran gira na tsone maka ido. Ka yafe mini."

Ya ce, "Haba Yaya. Ko ba ki faɗa ba, baƙuwa ta zo wurina in bar ta a zaune?"

Ƙarya yake yi don ya rufa mini asiri. Ni da kunnena na ji ya ce yana da zagaye, ni na ce inji ba zai mutu ba. Na faɗa masa haka. Ya yi dariya ya ce, "To ai bai mutu ba ranar. Ke kika yi gaskiya."

Muna cikin haka sai ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Ya karkata kai wajen katangar, yadda kika kwatanta, ban taɓa lura ba sai da kika rubuta. Ya ce, "Na uku ne. Bel ɗinsa ba zai kai jibi ba." Ya ƙwala wa matarsa kira ta miƙo waya.

Ta ce, "Sun kore ka, kana yi musu gadi kyauta?"

Ya ce, "In ya tsinke, ba manaja zai buge ba, mai tsaye a gabansa zai buge."

Ya kira injiniyan, ya faɗa masa kanta ta nawa, kwali na nawa. Ina zaune ina kallo. Shekara ashirin da tara yana wannan, ni da nake ce masa ƙanena ban sani ba sai da na hana shi yi.

Na ce masa kin rubuta wa manyanku, kin sa sunanki, kin ce kawunki ne. Ya jujjuya wani ɗan noti a hannu. Sannan ya ce, "Ta ce kawunta ne? A takardar ofis?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "To madalla." Sai ya tambaye ni ko kujerar ta dame ki, wai kwalin da ya sa bai kai kauri ba, ya ga tana ɗan rawa, ya kasa tashi ya gyara kada ki ga kamar ya san ki. Ya tambayi ƙafar kuma.

Aikin ba zai dawo ba, na gane wannan. Ba na kuma ce miki ki bar naki, ba ni da bakin ba da umarni a wannan makon.

Kin tambaya me za ki ce masa. Ba a waya ba. Ki zo ran Asabar, ba wurina ba, wurinsa, ni ma ina gidansa har lokacin. Ki bar katin wuyan a gida. Ki durƙusa a barandar nan ki ce Kawu da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji.

Kullum nakan rufe miki takarda da nasiha. Na riƙe biro tun ɗazu ina nema, ban sami wadda ta fi ƙarfin bakina ba. Sai dai saƙonsa. Ya ce in kin iso da wuri, lokacin da ake tayar da injuna, zai kai ki bakin katanga ya nuna miki yadda ake jin su, ko zai yi miki amfani a wurin da aka tura ki. Ki zo da takalmi mai faɗi. Wannan karon a tsaye za ku yi.

Mahaifiyarki